Ranar da na nemi tsugunar da Gwaggo Sanatu

Ko na tsufa na ruɗe, ba zan taɓa mantawa da shekarar da yayana ya dawo Tamale daga Legas ba. Lokacin yunwa ne, kowa na jiran ya ga buhun shinkafa, shi kuwa sai ya sauke injin faifai mai lasifika huɗu, da faifan wasu Turawa masu gashi har kafaɗa. Wai in ka sa lasifika a kowace kusurwa, kiɗan zagaye ka zai yi.

Ni ko gwadawa ban yi ba (wuta sai ta ga dama take zuwa unguwarmu Changli), amma na cika unguwa da baki. Na ce wa Adiza, yarinyar da nake nema, “Ganga ta gabanki, jita ta bayanki, sai kin rantse kina Landan!”

Ta zo, amma da Gwaggo Sanatu, wadda ta riƙe ta, wadda kuma in ta ce a'a an gama. Na tsuguna na gaishe ta, na kai ta kujerar manyan baƙi, can kusurwar baya. Wuta ta zo, na ɗora faifai ina wani ƙanƙance ido.

Wayyo! Mawaƙin can ƙasa-ƙasa kamar an kife shi da tukunya. Lasifikar da ke ƙeyar Gwaggo kuwa ba ganga, ba jita, sai ƙwal, ƙwal, wani na buga ƙarfe. Can sai ga numfashin ƙato, haaa, daidai kunnenta.

Ta zabura ta ja mayafi. “Kai yaro, wa ka ɓoye a bayana?”

“Ba kowa, Gwaggo, Bature ne. Wurin zamanki ne bai yi ba.”

Da na tsaya nan da sauƙi. Ina! Sai na tuna yayana ya ce daɗin yana tsakiyar ɗaki, ƙasa-ƙasa. Na miƙe tsaye ƙiƙam a kanta, na nuna siminti. “Zo nan ki tsuguna, za ki ji.”

Adiza ta rufe fuska. A garin da yaro ba ya gaida babba a tsaye, ni ne nake kiran gwaggon budurwata ta tsuguna a gabana!

“Tun yanzu, ba a ko ɗaura aure ba?” in ji Gwaggo. “Adiza, ɗauko takalmina.”

Haushi ya sa bayan sun tafi na je na tsuguna a wurin da kaina. Wallahi can ma babu daɗi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: na rasa Adiza a kan kiɗan da ko kyauta ba zan sake saurara ba.

Yanzu in abu ya ce sai babba ya sauka daga kujera kafin ya yi daɗi, kashe shi nake yi in kawo goro.