Kofunan Hazo na Alhaji Nafi'u

Wani mutum ne a unguwarmu, Alhaji Nafi'u, wanda in ka ce masa ka ga giwa zai ce ai ya taɓa kiwonta. Mutumin kirki ne, sahun farko ba ya wuce shi, sai dai Allah ya yi shi da cika baki. Shekarar da ya sayo injin wanke-wanke, har mai kwasar shara sai da ya ji labari.

Ranar da aka haɗa injin, mai haɗawar ya ja masa kunne. Ya ce ruwan bohol ɗin gidan yana da tauri, akwai farar ƙasa a cikinsa, in injin ya dafa shi ya busar sai ta manne a jikin gilashi. Maganinta wani gishiri na musamman da ake zuba wa injin. Alhaji ya ce, "Ni za ka koya wa?" Gishirin ya ƙare, bai sake saye ba.

Ana nan sai matarsa Barira ta haihu. Kakarta, Iya Tasalla, ta aiko da aron kofunan gilashinta don baƙin suna. Daga Makka ta zo da su tun aikin hajjinta, garau kamar hawaye, kowanne da zanen bishiyar dabino siriri a jikinsa. Ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a kansu. Saƙonta ɗaya ne: a wanke da hannu.

"Da hannu?" in ji Alhaji. "A gidan nan?"

Barira ta ce daga ɗakin jego, "Baban jariri, ka bar wa masu aikin suna su ɗauraye mana."

"Ke dai sha kununki."

Da safiyar suna ya jera su a inji ya danna. Gurrr, shaaa. Da ya buɗe, sai ga kofuna sun yi fari-fari kamar ƙafar da ba ta ga mai ba. Ya tsaya ya yi tunani irin nasa. An ce ruwan tauri gare shi, so ake ya yi laushi. To me ke sa wake mai taurin kai ya yi laushi a tukunya? Kanwa. Ya ɗebo kanwar kunun mai jego cikin tafin hannu, har sau biyu, ya antaya a inji, ya ƙara wuta.

Wannan karon kofunan suka fito fari fat. Dabino ya ɓace ɓat, kamar an shafe su da alli. Ya tofa yawu ya goga da bakin riga, wurin ya yi haske, yana bushewa fari ya dawo. Ga baƙi sun dawo daga raɗin suna sun cika falo. Garin gyaran gira an rasa ido.

Da wani ne, da sai ya ce, "Na yi kuskure." Alhaji kuwa sai ya gyara hula, ya ɗauko tire ya shiga falo yana taku ɗai-ɗai.

"Waɗannan kofuna fa?" in ji amininsa Malam Hudu.

"Ba ka san su ba ko? Gilashin hazo ke nan. Daga Turkiyya. Ko a can ba kowa ake sayar wa ba, sai da sanayya."

"Ikon Allah. Da na ce datti ne."

"Shi ya sa nake ce maka ka riƙa fita waje, Hudu."

Ana cikin haka sai ga sallamar Iya Tasalla, tana dogara sanda. Ita kaka ce, ba ruwanta da kunyar falo. Ta nemi kujera ta zauna.

"Angona, an samu ƙaruwa, Allah ya raya. Ina kofunana?"

"Na adana miki su, Iya. Kin san taro, kar a fasa. Na fito da nawa."

"Kai, Allah ya yi maka albarka. To zuba wa amaryarka ta ɗanɗana na Turkiyya."

Abin shan ranar ruwan tsamiya ne da lemun tsami da citta, an sa masa ƙanƙara ya yi sanyi ƙarara. Alhaji da kansa ya bi kowa ya zuba. Aka yi bismilla. Shi kuma ya ci gaba da bayani, wai hazon a cikin gilashin ake dafa shi, ko shekara ɗari ba ya fita, ko da sabulu, ko da yashi.

Yana magana, tsami yana aikinsa. Daga ciki yana cinye farin a hankali, daga waje sanyi ya sa kofi gumi ya jiƙe. Malam Hudu ya ɗaga nasa ya duba ta taga.

"Alhaji, nawa fa gari ya fara wayewa."

"Idonka ne."

"Nawa ma," in ji wani. "Har wata bishiya na gani tana tsirowa."

Iya Tasalla ta goge kofinta da gefen mayafi, ta kai shi dab da ido, ta juya shi. Ga dabino nan tsaye, reshe-reshe. Ta dubi kofi, ta dubi Alhaji, wanda zufa ta jiƙa masa wuyan babbar riga.

"Angona," ta ce, "ashe mutanen Turkiyya ma a kabet ɗina suke sari?"

Dariya ta ɓarke, har mata suka leƙo daga tsakar gida. Malam Hudu yana share hawaye ya ce, "To ni abin da ban gane ba, Iya, hazon da aka ce ba ya fita shekara ɗari, ina ya tafi?"

Tsohuwa ta ajiye kofinta a hankali, ta lashi leɓe.

"Ba ku ji ɗanɗanon kanwa ba? Ai kun shanye shi."