Kwabon Baba Issaka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama masanin tarihi na minti goma ba, a bakin wani tafki da ke bayan garin Dubai, a gaban mutum kusan talatin.

Ni aikina auna kaya ne a wani ofishin kago, masu aika kaya ƙasashen waje, a Al Khabaisi. Ban karanta tarihi ba, ko a sakandare da ƙyar na sha. Bidiyon Turawa ne ya ɗebe ni, masu yawo da na'urar gano ƙarfe a bakin ruwa suna tono tsofaffin kuɗi. Na kalla, na kalla, har na ga ai ni ma ba a fi ni hannu ba. Na samu wata ta hannu a wani sito a Al Quoz na saya, mai doguwar sanda da faranti a ƙasa da abin sawa a kunne.

Wata uku ina fita da ita. Abin da na tara: murfin lemo cike da leda, turakun tanti, da cokali ɗaya mai lanƙwasa. Abokaina 'yan Kano suka raɗa min Baban Bola, sunan har ya fara bin waya yana isa gida (ƙanwar matata ta kira ni da shi, wai suɓutar baki). Abin ya yi min ciwo fiye da yadda na nuna. Na ƙudurta sai na wanke kaina a gaban duk wanda ya yi min dariya.

Damar ta zo da sanyi ya shigo. Duk shekara mutanenmu kan fita bakin tafkin nan a gasa nama, 'yan kasuwa da direbobi da 'yan Zongo na Gana. Ana ta hura gawayi, ni kuwa na saɓa sandata na bi gefen ruwa. Alhaji Tanimu, babban ɗan kasuwar da ke jagorantar fitar, ya ɗaga murya: "Yalla habibi, in ka samo tukunya ka kawo, tamu ta yi kaɗan!"

Ban kula shi ba. Can kusa da inda ake alwala na'urar ta yi wani kuka mai daɗi da ban taɓa ji ba. Na durƙusa na tona. Sai ga wani kuɗi baƙi ƙirin, da huji a tsakiya, laka ta daskare a jikinsa. Ta ɗan wurin da ya bayyana na hango rubutun Larabci.

Na naɗe shi a hankici, na taho ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Na ce kowa ya matso amma kar wanda ya taɓa, don masana sun ce ba a goge kayan tarihi (masanan nan, 'yan bidiyo ne). Na gyara murya na fara lacca. Na ce wannan ya yi shekara dubu. Na kawo ayarin raƙuma, na kawo fatake, na ce wataƙila daga jakar wani attajiri ya faɗi yana shayar da dabbobinsa a nan.

Alhaji Tanimu ya ce, "Malam, tafkin nan fa ina garin nan aka haƙa shi da mota."

Na ce, "Alhaji, ruwan ne sabo, ƙasar ai tsohuwa ce." Har wani ya ce Allahu akbar. Kaina ya ƙara girma.

A nan ne Baba Issaka ya ajiye wuƙar yankan albasa ya taso. Dattijo ne ɗan Kumasi, mai gadi a wani sito a Jebel Ali, ba ya da yawan magana. Ya ce, "Ɗana, ba ni in gani shwaiya, kaɗan kawai." Kunyar furfurarsa ta sa na miƙa masa. Kafin in ce kar ya goge, ya tofa masa yawu ya murza da bakin rigarsa.

Laka ta fita. Ga kambin sarkin Ingila, ga rubutun boko ɓaro-ɓaro kewaye da Larabcin. Kwabo ne mai huji, irin na zamanin Turawa, wanda kakata ke ajiyewa a gwangwanin allura.

Wani ya fara ƙyalƙyalewa. Na fara addu'ar ramin da na tona ya faɗaɗa in shige. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, don Baba Issaka ya zauna a kan rairayi yana hawaye.

Ya ce da Hausarsa ta Zongo, "Nawa ne. Mu kapre muke ce shi. Uwana ya ɗaura min a wuya ranar da zan bar gida, ban sake ganin shi da rai ba. Bara a nan igiyan ya tsinke ina alwala. Na nema har aka tashi, ban faɗa ma kowa ba, kar a ce tsoho yana kuka a kan kwabo." Ya nuna mana wata 'yar tsaga a gefensa, inda ya ce ya taɓa gwada haƙorinsa yana saurayi.

Ya kama hannuna biyu ya yi ta sa min albarka, da Hausa, da Larabci, da yarensu na can. Ya juya ga jama'a ya ce, "Khalas, shi ke nan, kowa ya bar yaron nan. Allah ne ya ba shi sandan nan saboda ni." Alhaji Tanimu ya cire hularsa ya mayar, sannan ya zaɓo tsokar da ta fi kowacce ya ɗora min a faranti.

Har yau in na tuna ayarin raƙuman nan sai in rufe fuska ni kaɗai. Amma na gode wa Allah da ya sa a hannun mai shi ƙaryata ta ƙare, kuma na gode wa dattijon da ya rufe ni da addu'a a lokacin da na cancanci a yi min ihu. Yanzu duk abin da na tono, sai na tofa masa yawu na murza tukuna kafin in buɗe baki.