Sifili Biyar a Gaban Alhaji Mainasara

"In dai kwamfuta ce, daga Kongolam har Kano babu mai ja da ni. Turawan da suka ƙera ta ma sai dai su zo in yi musu bayani."

Ni na faɗi wannan magana da bakina, a teburin mai shayi, kuma ba wanda ya tambaye ni. Sunana Sabiru. A shekarar 2005 ina da ɗan shago a Daura inda nake buga wa mutane katin biki da takardar neman aiki, a jikin ƙofar kuma an rubuta INJINIYA da jan fenti. Ba jami'a ce ta ba ni sunan ba, ni da mai fenti muka yanke shawara.

Buga kati neman abinci ne kawai. Abin da ya tafi da hankalina shi ne demo. Ka ce mene ne demo? Gyara zama. Ba fim ba ne, don ba a ɗauki komai da kyamara ba. Lissafi za ka rubuta wa kwamfuta, ɗan mitsitsi, wanda ko rubu'in faifan fulofi ba zai cika ba, sai ita kuma ta riƙa zana hoto ɗaya bayan ɗaya a daidai lokacin da kake kallo: taurari na gudu, launuka na murɗewa, rubutu na yawo, kiɗa na tashi. A wani shagon intanet a Katsina na fara gani, aka ce samarin Turai har taruwa suke a zaure suna gasa a kai. Ba a sayarwa, ba ya maganin komai. Daɗinsa ɗaya ne, ka sa inji mai rauni ya yi abin da maƙerinsa bai taɓa zato ba. Wallahi ranar da tauraro na farko ya motsa a allona, sai da na yi ƙwalla.

Injin nawa kuwa rauni iya rauni. Wata tsohuwar kwamfuta ce da nake kira Gwaggo, in ka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo tana nan tana gyaran murya. Wata bakwai ina gina demona a kanta. Matata Hussaina ta leƙo wata rana ta ce, "Baban Yasmin, wai wannan abin da kake yi, in ka gama me za a yi da shi?"

Na ce, "Kallo."

"In an kalla fa?"

"Sai a yi mamaki."

Ta ce, "To ai mun riga mun fara."

Ana nan sai Alhaji Mainasara, wani babban dillalin shanu na Mashi, ya sayo wa makarantar Islamiyyar da ya gina a unguwarmu kwamfuta goma da majigi. Ana neman malamin da za a damƙa wa makullin ɗakin, da albashi duk wata. Ina son aikin nan kamar in yi hauka, don shagon ya fara mutuwa, kuma kwamfuta goma sababbi ko a mafarki ban taɓa gani ba. Mu biyu muka nema, ni da Harisu. Harisu bawan Allah ne mai sanyi, da yatsa biyu yake buga rubutu. Shugaban makarantar, Malam Jafaru, ya ce ranar ƙaddamarwa kowa ya nuna abin da ya iya a gaban Alhaji, shi zai zaɓa.

Na ce wa masu shan shayi su fara yi wa Harisu jaje.

Ana jibi taro, Malam Jafaru ya zo shago duba abin da zan nuna. Na kunna Gwaggo. Kiɗa na tashi ya ɗaga hannu.

"Injiniya, makarantar Islamiyya ce fa. Malamai za su zo. Cire kiɗan nan."

Abin da Malam bai sani ba, kiɗan nan shi ne agogon demo. Da bugunsa komai ke tafiya, shi ke gaya wa taurari yaushe za su fito, rubutu yaushe zai wuce. Amma Injiniya ba ya cewa abu ya yi wuya. Na ce, "Wannan ai aikin minti biyar ne, Malam."

Sai abin alfaharina ya fito, ragon da na haɗa da ƙananan kusurwoyi ɗari uku, yana juyi a tsakiyar allo. Na san ana tsantsenin surar mai rai, don haka na riga shi: "Malam, in ragon ma da matsala sai in cire."

Ya matso, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. "Rago ne wannan? Na ɗauka kujera ce. Bar shi, ba wanda zai ce ka kwaikwayi halitta."

Na haɗiye wannan ma. Da muka zo ƙarshe, inda al'adar masu demo ke jera gaisuwa ga mutane, ya ga sunan Alhaji, sai ya riƙe baki. "A ƙarshe ka sa shi? Bayan kujera? A Daura? Mayar da sunayen manya farko, Alhaji a gaba."

Na mayar. A madadin kiɗa kuma na yi wata dabara da na ji kamar in yi wa kaina tafi: bayan kowane hoto, kwamfuta ta tsaya ta ƙirga daga ɗaya zuwa wata lamba kafin ta zana na gaba. Na yi ta gwada lambar a kan Gwaggo har abin ya zauna daram, minti shida cif. Ban gwada a sababbin ba, don suna cikin kwali, ba mai buɗewa sai Alhaji ya yanke ƙyalle. Ko da an ba ni ma, a lokacin nan ba na jin zan gwada.

Ranar taro bayan azahar aka cika rumfa, malamai a gaba, iyayen yara a baya, masu shayinmu a gefe sun zo ganin jana'izar Harisu. Na iso da Gwaggo a bayan babur. Alhaji ya kalle ta ya ce, "Wannan akwatin fa? A gaban baƙina? A ɗauko masa sabuwa."

Harisu ya fara. Ya buga BARKA DA ZUWA ALHAJI da yatsunsa biyu, majigi ya haska a bango, aka yi kabbara. Na yi dariya a ciki.

Na karɓi lasifika na yi jawabin minti goma. Na ce abin da za su gani ba a taɓa yin sa a ƙasar Hausa ba. Na ce duk wanda ke da hawan jini ya riƙe kujera. Na zura fulofi, na danna.

Bango ya yi wal, wal, fuu. Ya yi baƙi.

Malam Jafaru ya raɗa min, "Fara mana."

"An gama, Malam."

Ƙirgen da Gwaggo ke yi tana nishi, wannan sabuwar ta lashe shi kamar an watsa wa kaji tsaba. Minti shida sun koma daƙiƙa huɗu. Wani dattijo a baya ya ce shi dai ya ga kamar kujera ta wuce. Alhaji ya ce, "An ce min da sunana a ciki."

"Yana ciki, ranka ya daɗe."

"To ni ban gan shi ba."

Na buɗe inda lambar take, na hau danna sifili a bayanta. Ban ƙirga ba. Daga baya na duba, biyar ne. Na sake kunnawa na ce, "Yanzu kowa zai karanta a natse."

Allah ya amsa, har ya yi yawa. Wani ɗan farin abu ya leƙo daga gefen bango ya tsaya. Can ya ɗan matso. Hawainiya in ta gan shi sai ta yi masa gorin nawa. Aka raba lemo, aka shanye, kalmar farko ba ta gama fitowa ba.

A nan ne na tuna wani abu. Na mayar da sunan Alhaji gaba, gaskiya ne, gaban sunayen manya. Amma kafin su akwai ɗan sa hannun mai aiki, wanda kowane mai demo ke buɗewa da shi. A kan Gwaggo daƙiƙa takwas ne, kuma na sako shi ne bayan Malam ya tafi. Na kai hannu zan kashe.

Alhaji ya ce, "Kul. Bar shi. Ina so in ga wanda ya riga ni."

Mai gabatar da taro kuwa, wani mai murya kamar ganga, an ce masa ya karanta duk abin da ya fito don waɗanda ke nesa. Bai ga dalilin fasawa ba. Duk kalmar da ta kammala sai ya ɗaga lasifika.

"Injiniya!"

Aka jira.

"Sabiru!"

Aka kira la'asar. Na yi sallar da ban taɓa yin mai tsawon sujada irinta ba, ina roƙon Allah ya sa man janareto ya ƙare. Alhaji ya sa an cika tanki tun safe. Muka dawo muka tarar da sabuwar kalma na jiranmu.

"Gagarabadau!"

Masu shayinmu suka fara zamewa ƙasa daga benci. Hussaina na cikin mata, na hango ta ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Har yau ta ce kuka take yi.

"Sarkin! Lissafi!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, naka na nan tafe, saura kaɗan."

"Kamar nawa?"

Na yi lissafi a zuci, tunda ni ne sarkinsa. "Kafin magariba zai fara leƙowa."

Alhaji ya zauna ya harɗe hannu har mai lasifika ya sauke na ƙarshe, da dukan ƙarfinsa, yadda na tabbata an ji har garin Dutsi: "Dodon! Turawa!"

Sannan Alhaji ya miƙe, ya gyara hula, ya zaro makulli daga aljihu. Na gyara tsayuwa, don har lokacin, ka ji wauta, ina sa rai. Ya miƙa wa Harisu.

"Malam Harisu, ga ɗaki, ka koya wa yara abin da ido ke iya gani." Ya juyo gare ni cikin ladabi, har da ɗan rusunawa. "Kai kuma, Allah ya ja zamanin Dodon Turawa, ni talaka ne, ina da shanu da ke jirana. Ka zauna a nan ka yi gadin bangon. In sunana ya samu izinin fitowa, a aiko min Mashi."