Ranar da Na Yaye Labule

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko da za a wanke min ƙwaƙwalwa da sabulu.

Ni mutum ne da ba ya iya kallon fim a zaune. In na Caina ne, kujera ta sha naushi. In na Koriya ne, in yi kuka har da majina. Na Turkiyya kuwa muciya nake ɗauka ta zama takobi, na 'yan Kudu kuma ni ne mai yi wa jaruma ihu, "Kar ki ci abincin nan, an barbaɗa!" Amma na Indiya shi ne ajalina. Da an saki kiɗa, ƙafafuna sun daina jin maganata. Matata Habiba ta saba, kofuna kawai take kwashewa daga hanya.

Matsalar ita ce surukata, Dada. Bafulatana ce ta gaske daga wata ruga a bayan Gubi, kuma tun ina neman aure ta ce yaron nan rawar kai ta yi masa yawa. Da ƙyar aka shawo kanta. To da Habiba ta haihu, aiki aka yi mata, sai Dada ta taho gidanmu a Fadaman Mada don ta kula da ita. Na ce yawwa, ga damar wanke kaina ta samu.

Zo ka ga natsuwa! Kullum ina cikin jallabiya da hula. Labarai kaɗai nake kunnawa, ina gyaɗa kai kamar na damu da farashin taki. Gaisuwa a tsugune daga bakin ƙofa, ita kuma ta amsa fuska a juye, don kunyar suruki ba ta barin ta ko haɗa ido da ni. Har Habiba ta raɗa min cewa Dada ta ce ashe yaron ya yi hankali. Ranar na ji daɗi har cikin raina. (Amma fa a ciki mutuwa nake. Filashina cike da sabbin finafinan da na turo a kasuwar Wunti, ko ɗaya ban buɗe ba.)

Ranar da abin zai faru, na dawo daga kasuwar Muda Lawal da cefane da hantsi, sai na hango Habiba da maƙwabciyarmu Maman Rifkatu suna shiga keke napep da jaririya, za su asibiti a duba ɗinki. A ciki akwai wata mata lulluɓe da mayafi. Zuciyata ta ce Dada ce. Ban tsaya bincike ba, don abin da nake so in ji ke nan.

Na faɗa gida, ga wuta an kawo! Na yi jifa da cefane, na tuɓe jallabiya, daga ni sai singileti da gajeren wando. Na danna na Indiya, na ƙure sauti. Wayyo daɗi! Waƙa na farawa na fizgi gyalen Habiba a kan kujera. In mace ta rera, in yafa gyale in karya wuya ina fari da ido. In namiji ya karɓa, in buɗe hannuwa in zagaye tebur da gudu. Ni ne saurayi, ni ce budurwa, ni ne 'yan amshi. Waƙa ta ƙare na mayar da ita baya, don ban gamsu da juyin ƙuguna ba.

Can sai jarumin ya ciji fure, ya sulale a kan gwiwa, ya yaye labule ya tarar da masoyiyarsa. Mu ma falonmu akwai wani lungu mai labule inda ake sallah. Na zaro furen roba daga kan talabijin, na cije shi, na ja da baya, na sulalo a kan tayil, na yaye labulen da ƙarfi.

Dada ce zaune a kan sallaya.

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta takure a jikin bango. Ashe tun ɗazu ta idar da walaha. Kunya ta hana ta fitowa, ta hana ta ko gyaran murya, ga labulen shara-shara. Komai a kan idonta aka yi.

Ina durƙushe, gyale a wuya, gumi na ɗiga, kiɗa na tashi. Na cire furen daga baki na ce, "Dada, ina kwana?"

Daga cikin mayafi ta ce, "Lafiya lau. Ya gajiya?"

Na saki labulen a hankali, na fita da rarrafe. A masallacin unguwa na yini, har ladan ya tambaye ni ko lafiya.

Da na lallaɓo gida, na tarar da Habiba riƙe da ciki tana roƙona in daina kallon ta, dariya za ta farke mata ɗinki. Na ce, "Don Allah me Dada ta ce?"

"Ta ce ba ka da mugunta, amma a riƙa sa ka a addu'a."

Yanzu duk rugar, har tsofaffin da ban taɓa gani ba, Ɗan Indiya suke kira na. Ban daina rawa ba, gaskiya. Amma kafin in taɓa rimot, sai na fara duba takalman da ke bakin ƙofa.