Cindo da Tsohuwar Kwamfuta

A Rafin Kanya akwai wani mutum, Cindo, mai bin umarni kamar jela. Matarsa Kande takan ce ko ruwa za ka aike shi ɗebowa, sai ka gaya masa ya dawo. Wanta, Injiniya Sagiru na birni, shi ya samo masa aikin kula da kwamfutoci uku na ƙungiyar manoma. A cikinsu sunayen masu karɓar taki suke, mutum arba'in, farin rubutu a kan baƙin allo. An sa wa guda sabon zubin manhaja, sai layuka suka riƙa hawa kan juna, sunan wannan a gonar wancan. Ga shi ranar Alhamis jami'in rabon taki zai zo duba sunaye, in bai gani ba motar taki ta wuce gaba, aikin Cindo ya bi ta.

Wata rana Cindo ya kira Injiniya a waya. Injiniya ya ce, "Tsohuwar kwamfutar nan ta lungu, kada kowa ya taɓa ta. Mai sabon zubin kuma turo min hoton allonta." Cindo ya zare wayoyi, ya ɗora allon a ka, sai shagon mai hoto a kasuwa. Aka kafa allon gaban labule mai furanni, aka ɗauka. Injiniya ya ga hoto ya ce, "Ina rubutun?" Cindo ya ce, "Yaya, allo ka ce."

Wata rana kuma Injiniya ya ce, "Mai sabon zubin nan, yi ta kashe ta kana kunnawa har in kira ka." Ya shiga taro ya manta, kamar yadda manya suka saba. Da la'asar Kande ta kawo tuwo, ta tarar da mijinta yana ƙirga kunnawa ta ɗari da sha biyu, yatsa ya kumbura. Tausayi ya kama ta, ta riƙa ba shi loma a baki.

Wata rana, Laraba ke nan, Injiniya ya iso da kansa, da jaka da tabarau. Ya ce matsalar duk ta tsufa ce, zai sa wa ukun zubin da ya fito makon jiya. Ya gama da biyu, ya nufi lungu, Cindo ya tare hanya.

"An ce kada kowa ya taɓa."

"Kai, ni na faɗa!"

"Shi ya sa, Yaya. Maganarka ba ta faɗuwa ƙasa."

Injiniya ya yi lallashi, ya yi zagi, ya rantse sai ya kore shi daga aiki. Cindo yana hawaye, amma ko gezau.

Ranar Alhamis jami'i ya zo, manoma sun cika tsakar ofis. Aka kunna sababbin biyu, rubutu ya watse kamar an zubar da gero. Gumi ya karyo wa Injiniya. Jami'i ya tattara takardunsa zai fita, sai ya hango haske a lungu. Tun ranar da aka hana taɓawa tsohuwar take kunne a kan sola, don shi kansa Cindo bai yarda ya kashe ta ba. Sunaye arba'in ga su nan reras, kowa da gonarsa.

Injiniya ya gyara tabarau ya ce, "Ai da gangan na ware ta, dabarar aiki ce."

Jami'i ya miƙa hannu zai share ƙurar allon. Cindo ya riƙe masa hannun riga.

"Ranka ya daɗe, da ido."

Haka jami'i ya karanta sunayen nan tsaf, a sunkuye, hannuwa a baya. Kafin azahar aka fara sauke taki.