Rasuwar Rahaji, Motar da Ta Nutse a Tudu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, ni Mardiya mai atamfa ta unguwar Yelwa a Garwa nake sanar da 'yan'uwa da abokan kasuwa rasuwar motata Rahaji, wadda ta cika a kan gadar Binuwai ranar Litinin da hantsi, bayan doguwar jinya.

Marigayi mijina ne ya raɗa mata wannan suna, saboda jan jikinta irin na shanun Bororo. Da ya rasu ita ce ta faɗo a rabona, kuma a bayanta na ciyar da marayu. Ta kai ni kasuwar Pitowa, ta kai ni Gidar, ta sha ramukan hanyar Kayele da dilolin atamfa har bakin rufi, ba ta taɓa kwana da ni a daji ba. Maƙwabta za su tuna gaisuwarta ta safe: kirrr, kirrr, tari biyu, sannan ɓurum. Za su tuna hon ɗinta mai dusasshiyar murya, faaf, wanda awaki kaɗai ke girmamawa.

Ciwon ajalinta ya fara ne da ruwan farko na daminar bara. Na buɗe ƙofa da safe na taka darduma, ta ce caɓal. Na ɗauka gilashi na manta ban rufe ba. Washegari na rufe komai da hannuna, na sake tarar da tafki ƙarƙashin kujerar direba. Kafin wata ya ƙare, cikinta na warin rijiyar da aka daina ja, naman kaza ya tsiro a gindin kujera, kuma turamen atamfar da Madam Albertine ta yi odarsu don bikin cocinsu sun zuba, shuɗi ya shiga rawaya. Har yau in mun haɗu kanta take kawarwa.

Na kai marar lafiya garejin Gaston makanike. Ya ce robar gilashin gaba ce, aka sauya. Ruwa ya dawo. Ya ce robobin ƙofa ne, aka sauya su duka. Ruwa ya dawo. Ya ce to bututun na'urar sanyi ne ya toshe, na tuna masa na'urar ta riga mai gidan rasuwa. Ya share kwatar da ke ƙasan gilashi, ya fito da ganyen darbejiya da gawar ƙadangare, muka yi murna a banza. Ba na riƙe da Gaston a zuciya. Ya nemi cutar da gaskiya, kuma shi ne ya kawo shawarar da ta kamata ta cece ta: in zauna a ciki, wani ya riƙa kwara ruwa daga waje har a ga inda yake shiga.

A nan ne ƙanena Muhaimin, uwa ɗaya uba ɗaya, ya shigo labarin. Shi ya karɓe bokiti daga hannun Gaston. "Adda, ki zauna abinki, ni zan zuba," in ji shi. Ya kwara wa ƙofofi. Ya kwara wa gilasai. Ya kwara wa but, har tayoyi ya wanke. Na ce ya watsa a rufi, ya ce, "Haba Adda, rufi ƙarfe ne guda, ta ina zai yi yoyo?" Ko ɗigo bai shigo ba ranar. Daga baya ya riƙa zuwa duk bayan ruwa da kofi da tsumma yana taya ni kwalfewa, yana girgiza kai, yana cewa shi dai yana zargin sammu daga 'yan kasuwa. A kan maganarsa na daina gaisawa da Nazira mai rumfar kusa da tawa, baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ina neman afuwarta a bainar jama'a.

Damina biyu ruwan nan yana bin ginshiƙin ƙofa ta ciki, yana sauka a kan wayoyin wuta. Ranar Litinin, muna kan hanyar kasuwar Ngong, a tsakiyar gada fitilunta suka kunna kansu, hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin sitiyari. Ta ce faaf sau ɗaya ba tare da na taɓa ta ba, ta yi shiru. Manyan motocin Ngawundere suka jeru suna zagina da Fulatanci da Faransanci. Gaston ya zo a babur, ya leƙa, ya ga wayoyi sun narke, ya sa yatsa a ƙasan motar ya huda tsatsa har ya hango kwalta. Ya cire hularsa ya ce da Faransanci, "Madam, se fini," wato ta ƙare.

Aka jawo gawar gida. Ranar Laraba da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi, ina zaune a baranda ina kallonta, sai na ga kumfa na tashi a kan rufinta. Kumfa fari, irin na wanki. Na hau turmi cikin ruwan, na kankare wurin da cokali. Ramuka huɗu ne, an huda su da ƙusa, an cusa musu sabulu, an shafe saman da jan farce.

Matar Muhaimin ce ta fasa ƙwai, don har yau tana jin haushin jan farcenta. Ashe lokacin da na tafi Marwa jinyar 'yata da ta haihu a unguwar Dugoi, na bar masa makulli don ya riƙa ɗumama inji, Muhaimin ya huda rufin Rahaji ya kafa lasifika, ya zaga da ita kasuwanni yana tallan maganin basir. Motar marayu. Sai yanzu na gane abin da ya sa dattawa a Pitowa suke matsowa tagata suna raɗa min cewa sun gode, sun samu sauƙi.

Da na tsare shi gaban Innarmu, abin da ya iya cewa shi ne, "Wallahi Adda, sabulun mai kyau na sa."

Marigayiyar ta bar tayoyi huɗu masu sauran rai da safaya guda, da batir da Gaston ya ɗauka riƙo, da madubin gefe ɗaya, da carbin mijina da ke rataye a gabanta. Ta bar ni ina hawa bayan babur da dila a ka, a waɗannan shekaru nawa. Ba ma roƙa mata gafara, don ba ta cuci kowa ba. Ita aka cuta, kuma a gida.

Ana karɓar gaisuwa a gidana bayan la'asar. Kada kowa ya zo min da maganar haƙuri ko ta zumunci, na ji ta ishe ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da azahar, lokacin da rana take tsaka. Za a ɗauki gawar daga Yelwa zuwa wurin masu yankan tsohon ƙarfe a bayan gari. Ba za a kira motar ja ba. Innarmu ta yanke hukunci cewa Muhaimin ne zai tura ta, shi kaɗai, kuma ana roƙon masu rakiya kada wanda ya sa masa hannu ko ya miƙa masa ruwa. Hanyar akwai hawa. Ni zan riƙe sitiyari, kuma ina sanar da jama'a cewa duk abin da ya mutu a jikin marigayiyar, birkin hannunta yana nan lafiya lau.