Kofi Uku da Jawabin Mai Almakashi

Jama'a, jiya na ga ikon Allah a asibiti. Yayana tsohon direba, ciwon dajin da aka gasa masa a ƙugu shekara huɗu baya ya sake leƙowa. Likita ta ce wannan karon gashi biyar kacal za a yi, a saita hasken na'ura daidai kan ƙullutun, don naman kewaye ya riga ya sha wuta. Sharaɗi ɗaya ne: kafin ya shiga, ya sha ruwa kofi uku ya riƙe fitsari, mafitsara ta cika ta ture hanji gefe.

Ƙarfe tara Yaya ya shanye kofinsa uku. Tara da rabi sai ga jiniya. Ashe Mai Girma Mai Almakashi ne ya zo ƙaddamar da na'urar. Ita dai wadda ya ƙaddamar wancan karon, fenti kawai aka sake mata.

"Ƙanena," in ji Yaya, yana matse cinyoyi, "ashe ba ciwona kaɗai ke dawowa ba."

Aka ɗaura jan ƙyalle a ƙofar ɗakin gashi, Mai Girma ya kama jawabi, Allah ya ƙara masa numfashi. Wani mai riƙe masa jaka yana ta tsiyaya masa ruwa a kofi, a gaban idon Yaya. Kai, rashin imani!

Nas ta raɗa wa Yaya, "Baba, daure. In ka zubar, layi ya wuce ka, sai wani makon." Mutumin nan shi ya raine ni, kuma ciwon ba ya jiran a gama tafi. Na ce, "Yaya, mai haƙuri yakan dafa dutse." Ya ce, "Ba da cikakkiyar mara ba."

Sai sha ɗaya aka yanka ƙyallen. Mai Girma ya nemi majinyaci don hoto, ya kama hannun Yaya: "Bawan Allah, faɗi buƙatarka, kada ka ji nauyi."

"Ranka ya daɗe, ka matsa daga ƙofa."

Ya matsa kuwa, Yaya ya shiga, saura gashi huɗu. Ni roƙona ɗaya ne: duk mai girman da zai yi jawabi a asibiti, a fara ba shi kofi uku, a kulle bayan gida. Jiki magayi.